Mai Amsa wa Kaka

Asabar, 5 ga Yuli 2003

Yau da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Mace ce ta fito, doguwa, da tabarau a ɗore bisa kallabi. Na ɗauka baƙuwa ce daga Yamai wadda ta ɓata hanya. Sai ga ta ta durƙusa tana gaida Baba da Kanuri, irin namu na bakin kogi, har tana tambayar irin tattasai ko ya fito.

Sunanta Mariama. Ta ce in riƙa ce mata Tanti. A ƙauyen Asaga, nan kusa da mu, aka haife ta, kawunta ya tafi da ita Yamai tun tana ƙarama. Fim take yi, wanda ake nunawa a tele. Ba ita ke riƙe kamara ba, ita ce mai nemo labari da mutane, ta ce a yi kaza a bar kaza.

Wurin Kaka ta zo. Kakata Ya Gana, mahaifiyar Baba! An gaya mata babu wanda ya san labarin taryen ruwa kamar ta.

Ni aka sa na kai ruwa. Rabinsa ya zube a tabarma. Ta tambayi sunana, bakina ya ƙi buɗuwa, Baba ne ya ce mata Gumsu. Na gudu madafa.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na gaya wa Baturiya, ƙawata ƴar gidan mai kanti, mutanen Damagaram. Ta ce idan za a sa mutum a tele ai ita ta dace, ba mai magana da tukwane ba. Haka take kirana, don wai da tukwane kaɗai nake iya hira. Tun da muka gama firamare bara ta wuce kolej, ni na zauna saboda idon Kaka. Yanar ido ta rufe shi, haske kawai take gani. Ban ji haushin Baturiya ba. Kaɗan dai.

Litinin, 7 ga Yuli

Tanti ta wuni a gidanmu, ba kamara ba komai. Ta cire takalmi, ta zauna kusa da Kaka tana taya ta tsinkar yakuwa. Ni ina bayan randa ina ji.

Ta ce farkon aikinta ɗaukar jaka ne. Turawa masu fim suka ɗauke ta tafinta, ta bi su ƙauyuka. Wata tsohuwa a can gabas ta yi musu magana mai tsawo a kan mijinta da tafki ya ci. Da fim ya fito, sai aka rage muryar tsohuwar, aka ɗora ta wani namiji yana Faransanci, yana cewa mutanen nan suna rayuwa da kamun kifi. Shi ke nan. Tanti ta ce ranar ta yi kuka a bayan ɗakin kallo, ta kuma yi alkawari ita za ta riƙa shirya fim da kanta, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Ta yi na Tubawa masu raƙuma, ta yi na matan Fulani masu nono. Na gida ne ba ta taɓa yi ba.

Kaka ta ce nata ba tatsuniya ba ne, don haka ana iya faɗarsa da rana. Tana goye aka yi abin. Shekarar da ruwan koginmu Komadugu ya ƙi zuwa, rijiyoyi suka ƙafe, mata suka ɗauki ƙorai suka bi busasshen kogi yamma, suka je suka taro ruwa kamar yadda ake taro baƙo. Na san shi tun ina ƙarama, amma duk sanda ta fara sai tsigar jikina ta tashi.

Tanti tana so a ɗauka a cikin kogin, a kan yashi, kafin ruwan bana ya iso.

Talata, 8 ga Yuli

Kasuwa. Direbobin da suka zo daga tsallake sun ce ruwan kogi ya wuce Gaidam, yana tafe.

Akwai wani Muzammil a cikin mutanen Tanti, shi ke ɗaukar murya. Yana da sanda doguwa da mikro a kanta sanye da riga mai gashi kamar ɓera. Ya gan ni ina kallo, sai ya ɗora mini abin kunnensa. Wayyo. Na ji takun kaza. Na ji carbin Kaka ƙwaya bayan ƙwaya, na ji numfashinta daga cikin ɗaki. Ashe haka gidanmu yake da surutu ban sani ba. Ya ce in ce wani abu in ji kaina. Na cire na ba shi abinsa.

Amma da ma na ƙara ko kaɗan ne.

Alhamis, 10 ga Yuli

An ɓata.

Da safe aka kai Kaka kogi a mota, karo na farko da ta shiga gaba. Ta sa bulla, rigar nan tata mai shuɗi, na shafa mata turare. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar yashi, inda inuwar tsamiya ke sauka. Mutane suka cika gaɓa, yara har kan itace. Ni ina can baya da butar Kaka.

Muzammil ya ɗaga hannu ya ce silans. Aka fassara wa mutane: kada wanda ya yi tari, kada wanda ya motsa. Wuri ya yi tsit.

Kaka ta fara da kyau. Ta faɗi shekarar, ta faɗi rijiyoyi. Sai ta tsaya. Ta juya kai dama, ta juya hagu. Ta ƙara kaɗan, muryar na raguwa, ta sake tsayawa. Can ta tambaya ko mutane sun tafi ne. Tanti ta ce mata kowa na nan, ta ci gaba. Ta gwada, ta rikice, ta sa ƙarshe a farko. Daga nan ta lalubi takalminta ta ce a mai da ita gida, ita ba ta haukace ba da za ta zauna tana yi wa yashi magana.



Na san abin da ya faru. Na sani sarai. Amma wa zan gaya wa, a gaban wannan taro?

Juma'a, 11 ga Yuli

Kaka ta ƙi cin tuwo. Ta ce tsufa ya kunyata ta a gaban gari.

Asabar, 12 ga Yuli

Bari in rubuta a nan tunda na kasa faɗa. Kaka ba ta ba da labari ita kaɗai. Sai da mai amsawa. Ta faɗi kaɗan, ka ce to. Ta ƙara, ka ce sai me ya faru. In ta zo wurin tsoro ka yi salati, in ta zo wurin waƙa ka karɓa. Haka duk tsofaffinmu suke, amma ita da ba ta gani abin ya fi yawa, don gyaɗa kai ba ya isa gare ta. In aka yi shiru, a wurinta ba kowa. Kuma tana da wata dabara: takan sa ƙarya a tsakiya da gangan, ta tsaya ta ji ko za a kama ta. In ba a kama ba, ta san barci kake, sai ta naɗe labarinta. Ni ke amsa mata tun ina shekara biyar. A ɗaki, mu biyu.

Yau Tanti ta lallashe ta aka koma. Ta lura Kaka na son jin mutum kusa, sai ta ce wata yarinya ta zauna gabanta. Kafin a rufe baki Baturiya ta zauna, da jan baki. Kanurinta na kasuwa ne, na nawa-nawa da rage mini. Kaka ta ce jarirai suka fara mutuwa, Baturiya ta ce madalla. Mutanen gaɓa suka fashe da dariya. Kaka ta ce a ɗauke mata wannan akuyar.

Na yi dariya ni ma, Allah ya yafe mini. Amma da yamma na ji Muzammil na gaya wa direba abin da ya hana ni sukuni. Wai masu tallafa wa fim ɗin dama ba su so a sa tsohuwa tana dogon Kanuri ba. Sun fi son a nuna kogi, wani ya karanta bayani da Faransanci. Tanti ta yi ta faɗa da su kafin su yarda. In Kaka ta kasa, abin da za a yi ke nan, don ranar Juma'a za su wuce Boso.

Wani namiji da Faransanci a kan labarin Kaka.

Ruwa ya kusa Maine, in ji masu zuwa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na faɗa mata!

Ban shirya ba. Tana wanke hannu a bayan madafa, ni ke zuba mata ruwa, ba kowa. Ina kallon butar na ce, "Tanti, Kaka amsa take so." Ta ce me na ce, don ba ta ji ba. Na sake. Sai maganar ta yi ta fitowa, har da zancen ƙaryar da Kaka ke sakawa.

Ta tsaya da hannu a jiƙe. Can ta zauna a kan turmi tana dariya, irin wadda ke kusa da kuka. Ta ce ita ma haka ta yi wa tata kakar a Asaga, ita ce mai cewa sai me ya faru. Shekara da shekaru tana aikin da ake fara shi da silans, har ta manta. Ta ce ta zo ceton muryar tsohuwa ta toshe mata baki da hannunta.

Sai ta dube ni. Na gane tun kafin ta faɗa. Na ce a'a, a nemi wata. Ta ce wa ya san inda ƙaryar take in ba ni ba?

Na ce mutane za su kalle ni. Ta ce eh, za su kalla. Ba ta ma yi mini ƙaryar cewa ba za su kalla ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Baba ya yarda. Ya ce wa Tanti in ta samu ta sa Gumsu magana a gaban mutum uku, shi zai ba ta buhun tattasai kyauta. Kowa ya yi dariya. 

Muzammil bai so ba da farko, wai murya biyu za su hau juna. Tanti ta ce su hau, haka ake yi a nan. Ya saka mini ƙaramin mikro a wuyan riga don gwaji, ya ce in ƙirga. Na ƙirga. Ya ce bai ji komai ba sai zuciyata, wai tana gudu kamar injin ban ruwa.

Ruwa ya iso Shetimari. Gobe ne ko babu.

Na yi ta gwadawa a gaban randa. To. Sai me ya faru. A gaban randa ina iyawa.

Talata, 15 ga Yuli



Mutanen yau sun fi na ranar Alhamis, ga shi ranar kasuwa, har ƴan ƙauye sun tsaya kallo. Yashin ya yi sanyi a ƙasa, alamar ruwa na tafe. Aka zaunar da ni gaban Kaka, gwiwata na taɓa tata. Kamara a gefe da baƙin idonta. Tanti ta hana a ce silans. Ta ce wa mutane kawai su saurara kamar a gida.

Kaka ta laluba ta kama yatsan ƙafata. Ta fara.

Wurin amsa na farko ya zo, na buɗe baki, iska ce ta fito. Na gyaɗa kai kamar wawiya, na manta ba ta gani. Ta jira. Na biyu na ce to, amma ni kaina ban ji ba. Na ga kanta ya fara juyawa dama da hagu kamar ran nan. Na ga Tanti ta runtse ido.

Sai Kaka ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda har na kan gaɓa za su ji, ta ce da abin ya yi tsanani, mazan garin suka ɗaura ɗamara, suka ɗauki ƙorai, suka tafi taryen ruwa. Ta yi shiru.

Ba ta taɓa sa ƙarya a nan ba. Kullum a ƙananan wurare take sawa, launin zane ko sunan ƙauye. Yau ta sa a kan uwarta da matan da suka je taryen. Kuma na san ta, in ban tanka ba haka za ta bar shi, a tafi da shi Yamai, a nuna wa duniya maza ne suka je. Wasu tsofaffi a gaɓa har sun fara gyaɗa kai, abin ya yi musu daɗi.

Ban san sanda ta fito ba.

"Ba maza ba ne, Kaka. Mata ne. Maza suna gida suna jiran tuwo."

Na ƙarshen ba ya cikin labarin, ban san daga ina ya zo ba. Muzammil ya zabura ya janye abin kunnensa, ashe na cika masa kunne. Gaɓa ta ɗauki dariya, mata na tafawa.

Kaka ta matse yatsana. Ta ce, "Ashe akwai mutum a wurin."

Daga nan ban ƙara ganin kamara ba. Ta tafi, na bi ta. Yadda mata suka yi ta tafiya a yashi mai zafi, uwarta da ita a baya. Yadda suka kwana a ƙauyukan da ba su san kowa ba. Yadda wata ta ce a koma, uwarta ta ce wanda ya fita taryen baƙo ba ya dawowa shi kaɗai. Na ce sai me ya faru. Ta ce wata safiya suka ji wari, warin ƙasa jiƙaƙƙiya. Sai ga shi yana tafe a hankali, siriri, yana tura kumfa da busassun ganye a gabansa, ƙananan kifi na tsalle a bakinsa. Suka durƙusa suka yi masa sannu da zuwa. Suka juya suka shiga gabansa suna waƙa, yana bin su har gida.

Ta ɗauko waƙar, na karɓa. Matan gaɓa suka karɓa tare da ni, tsofaffin da suka san ta. Na waiga na ga Tanti ba ta ko kallon ƙaramin gilashin da take duba hoto, tana waƙa ita ma.

Da aka gama Muzammil ya ce a rayuwarsa bai taɓa ɗaukar murya mai hayaniya haka ba, kuma kada wanda ya taɓa masa ita.

Baba ya ce buhu ɗaya ya tafi.

Laraba, 16 ga Yuli

Ruwa ya iso da hantsi! Yara suka shigo gari da gudu suna faɗa. Muka je duka. Daidai yadda Kaka ta ce, da kumfa da ganye. Ya bi ta kan inda muka zauna jiya. Muzammil ya shiga da sandarsa yana ɗaukar ƙararsa, ruwan ya tafi da takalminsa ɗaya.

Na kai Kaka bakin ruwa ta sa hannu. Ta ce ai jin ta ya yi, shi ya sa ya ƙaraso.

Juma'a, 18 ga Yuli

Sun wuce Boso, wurin masunta. Tanti ta ce ba za a nuna fim ɗin a tele ba sai ta fara kawo shi nan mun gani, haka take yi ko'ina. Ta bar mini ƙaramar rakoda da kaset. Na ce me zan yi da ita. Ta ce Kaka ba ita kaɗai ce tsohuwa a Diffa ba.

Na sa ta a ƙasan akwati. Gidan ya yi shiru.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Dashen tattasai ya kama, bayana kamar zai karye. Ba labarin Tanti. Kaka na tambaya kullum. Na ɗauki muryarta a rakoda tana faɗa da kaji, na kunna mata, ta ce wannan tsohuwar ba ta da kunya.

Lahadi, 15 ga Fabrairu 2004

Ta cika alkawari. Jiya bayan magariba aka ɗaure farin ƙyalle a filin unguwa, tsakanin shanyar tattasai, ko'ina ja, kowa na atishawa. Aka tada janareto. Garin duka ya zo.

Tanti ta gaya mini masu tallafin sun sake neman a sa mai karanta bayani. Ta ƙi. Faransancin yana nan, amma ƙanana ne a rubuce a ƙasa, mai so ya karanta. Muryar Kaka ce a sama.

Da fuskata ta fito, babba kamar ƙofar gida, na rufe ido da mayafi. Baturiya ta fizge, ta ce in kalla mana, mai magana da tukwane. Kaka na gefena tana tambaya wace riga ta fito da ita.

Sai abin da ban zata ba. Kakar cikin ƙyalle ta faɗi magana, filin duka ya ce to. Ta ƙara, suka ce sai me ya faru. Ba wanda ya sa su. Da ta zo wurin maza suka ɗaura ɗamara, kafin ni ta cikin ƙyalle in buɗe baki, matan filin sun riga ni: mata ne! Wani tsoho ya ce wannan fim ɗin na tada fitina ne, matarsa ta ce ya yi shiru ya jira tuwo.

Kaka ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce yau kam akwai mutane a wurin.

Aka sa aka maimaita shi. Tanti ta tafi da buhunta na tattasai.

Talata, 17 ga Fabrairu

Kasuwa. An aike ni sayen banda. Rakodar tana cikin jakata, don kawai kada ƙannena su taɓa ta a gida.

Akwai wata tsohuwa Buduma, cikin masuntan tafki, mai kawo kifi daga Boso, kullum ina saye a wurinta ban taɓa ɗaga kai ba. Yau ta ce ba ni ce ta cikin ƙyalle ba? Ta ce su ma suna da nasu, na shekarar da tafki ya gudu ya bar jiragensu a kan ƙasa. Ta faɗa ne kawai tana ƙulla kifi. Na ce sai me ya faru. Bakina ne ya saba, ba wani abu ba.

Ta ture kwando ta ba ni wuri. Na tambaye ta ko ta yarda in kunna, ta yarda. Har kaset ya ƙare muka juya shi. Da mai rumfar kusa ya cika mu da rediyo na ce ya rage, ya kuwa rage.

An yi mini faɗa a gida, miya ta makara.

Baturiya ta ce tun daga layin masu tattasai take jin muryata. Ƙarya take. Kasuwar ce ba ta cika ba yau.